Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Filato: a bar iskar Jos ta juya mana tambarin 'yanci

Mai girma Gwamna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya taya ka riƙo.

Ni tsohon maƙeri ne, ko in ce mai walda, don da ita aka fi sanina. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koya wa yara aikin ƙarfe kafin in yi ritaya. Yanzu ina da 'yar rumfa a ƙofar gida, ina liƙe wa maƙwabta ƙyaure da ƙafar kujera don kada hannu ya mutu. Ban taɓa rubuta wa gwamna takarda ba. Na san teburinka cike yake da maganar tsaro da albashi da ruwan famfo, kuma na san wanda ya ga kan wasiƙar nan zai ce tsoho ya rasa aikin yi. A dai yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, in ya so a yanke mini hukunci.

Roƙona ɗaya ne. A kafa wa garin Jos abin tunawa da 'yancin ƙasar nan, amma kada ya zama mutum-mutumi, kada kuma ya zama tulin siminti da aka shafa wa kore da fari. A yi ƙira ta ƙarfe, doguwa, mai fikafikai, wadda iska kaɗai za ta riƙa juya ta. Ba janareto, ba wayar lantarki, ba mai. Kuma a bar maƙeran garin nan su ƙera ta da hannunsu.

Jikata ce ta jawo mini wannan tunanin. Cikin hunturun da ya wuce ta zo mini da fankar da ta yi da kwalin sabulu, ta soke ta da ƙusa a kan karan dawa, tana ƙorafin wai ba ta juyawa sai in ta sheƙa da gudu. Na duba, ramin ƙusar ya yi faɗi, fiffike ɗaya kuma ya fi 'yan'uwansa nauyi. Sai na ɗauko almakashin langa-langa na yanka gwangwanayen madara guda shida, na lanƙwasa su, na ɗaura su a cibiyar tsohuwar ƙafar keke, na ɗaure a saman rumfa. Ranka ya daɗe, abin da na yi don in rabu da fitinar yarinya shi ya mayar da ƙofar gidana wurin kallo. Mai keke Napep zai rage gudu ya leƙo kai. Wata mai tallar dankali da ke zuwa daga wajen Bukuru takan sauke kwandonta ta tsaya tana kallo, har ranar nan ta ce mini: "Baba, in ka yi wata ka sayar mini, zan kai wa yara." Ga almajirai, ga 'yan makaranta masu kayan makarantar mishan, duk kai a sama, baki buɗe. Wani tsoho abokina kuwa cewa ya yi lallai na ajiye iskoki a rumfa, tunda abu yana juyi da tsakar dare ba wanda ya taɓa shi. Na ce masa iska ce dai, amma guda ɗaya ce, ba masu yawan ba.

Da ɗana ya ga na damu da abin, sai ya buɗe mini wayarsa ya nuna mini ashe sana'a ce guda a duniya. Akwai Ba'amurke Alexander Calder, wanda injiniya ya karanta, tun farkon shekarun 1930 ya fara rataye faya-fayan ƙarfe a jikin waya suna yawo da numfashin iska. Akwai George Rickey, wanda ya rasu a 2002, shi kuma dogayen takubba yake ƙerawa na ƙarfen da ba ya tsatsa, ya daidaita nauyinsu a kan boris, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa abu juyawa sumul, ta yadda ko 'yar iskar da ba za ta ɗaga hular mutum ba sai ta motsa su, su yi ƙasa su yi sama a hankali kamar masu ruku'u. Akwai wani mutumin Holan, Theo Jansen, da tun 1990 yake haɗa bututan roba ya yi wasu halittu masu ƙafafu da yawa, iska ta tura su su yi ta tafiya a bakin teku. Namu na gida ma, Yinka Shonibare, ya yi jerin ayyukan da ya sa wa sunan iska, har an kafa ɗaya a filin shaƙatawa na Ndubuisi Kanu da ke Ikeja a ƙarshen 2016. Sai dai nasa ba ya motsi, siffar atamfa ce da iska ta kaɗa aka daskarar da ita. Na yi ta maimaita kallon na Rickey har batirin yaron ya ƙare, ba don mamaki ba, don ina ganin inda ya ɓoye nauyi da yadda ya yi liƙinsa. Babu tsafi a ciki. Awo ne da haƙuri.

Me ya sa na ce ban da mutum-mutumi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A garin nan, ranar da aka ce za a kafa siffar mutum a shataletale, ranar za a fara tambayar siffar wa. Wani zai ce Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wani ya ce tsohon gwamna Joseph Gomwalk, wani ya ce tsohon gwamna Solomon Lar, wani ya ce ina sarkinmu. Kowane da hujjarsa, kuma kowane ka zaɓa ka ɓata wa uku rai. Sannan mu Musulmi, da yawanmu ba ma sakin jiki da siffar mai rai da aka kafa a tsakiyar gari, ko da ta mutumin kirki ce. Ba sabon abu ba ne. A Dakar, Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe ƙaton mutum-mutumin tagulla a 2010, lokacin cikar Senegal shekara 50 da 'yanci, tsayinsa kusan mita 50, wani kamfanin Koriya ta Arewa ya yi aikin a kan kuɗi wajen dala miliyan 27. Limamai suka yi ta suka, talakawa suka yi ta tsaki, abin da aka yi don haɗa kai ya zama abin jayayya tun kafin a yaye masa ƙyalle. A Owerri kuma aka kafa na Jacob Zuma a 2017, ba a yi wata shida ba mutumin ya sauka daga mulki cikin zarge-zarge. Ba ƙyamar sassaƙa nake yi ba. Kawunan Nok suna nan a gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a garin nan a 1952, kuma na sha kai ɗalibaina su ga yadda mutanen da suka iya narka ƙarfe tun fiye da shekara dubu biyu suke sarrafa yumɓu. Amma gidan tarihi mai so ne yake zuwa. Shataletale kuwa dole ce, kowa sai ya zagaya shi.

Ƙirar iska ba ta da fuska. Ba ta da tsagar gado a kumatu, ba ta sa hula ba, ba ta rataya komai a wuya ba. Shi ya sa nake roƙon in za a yi, kada a liƙa mata kuros, kada a liƙa mata jinjirin wata, kada a sa dagin Arewa, balle alamar jam'iyya. Kore da fari sun isa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya haɗa iska da 'yanci a wurina, don ba daga littafi na samo shi ba.

Mahaifina ba da ƙafar son ransa ya zo Jos ba. Ɗiban gwamna ne ya kawo shi, lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Turawa suka rasa kuzar Malaya suka shiga kwasar dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na tudun nan. Dagaci ne ya nuna shi, aka sa shi a layi. Yakan ce ba nauyin kwanon ƙasa a ka ne ya fi ci masa rai ba, ba kuma yunwa ba. Sanyi ne. Mutum ya taso a ƙasar zafi da 'yar taguwa ɗaya, aka kwantar da shi a bukkar ciyawa a tudun da ya haura mita 1,200, iska tana shigowa ta ko'ina. Ya ce da asuba akan tashi a tarar da na kusa da kai bai tashi ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne: "Ba ka da ikon cewa na gaji zan tafi gida." Da aka sallame su bai koma ba, ya zauna ya yi aure, ya koyi ƙira, aka haife mu.

Ina ɗan shekara bakwai aka ba da mulkin kai. Abin da na riƙe daga ranar 1 ga Oktoba 1960 shi ne 'yar tutar da yayana ya dawo da ita daga makaranta, da yadda muka yi ta kokawa a kanta. Tsohon ya karɓa ya soke ta a jikin danga, ya zauna yana kallon tana kaɗawa. Wannan tutar, wadda ɗalibi Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 yana karatu a Landan, in babu iska tsumma ce kawai a jikin sanda. Ko a bakinmu ma haka muke cewa, wane ya shaƙi iskar 'yanci. Ba ma cewa ya hau dutsen 'yanci.

To ni a wurina, tun daga bakin mahaifina, 'yanci shi ne ka tashi ka je inda kake so ka dawo lafiya. Tsarin mulkin 1999 ma ya rubuta shi a sashe na 41. Amma kai ma ka sani, Yallaɓai, tun ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 da rikici ya ɓarke, wannan sashen ya rame a garin Jos. 2008 ta zo ta ƙara, 2010 ta ƙara. Gari ya tsage, kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. Wanda ya koya mini waldar gas Birom ne, a tasa ɗaya muke cin gwate, ya san sunan 'ya'yana duka. Da ya rasu sai da na yi kwana biyu ina shawara da kaina kafin in shiga unguwarsu gaisuwa, kuma da na je, ɗansa ne ya rako ni har bakin titi yana waige-waige. Ba wanda ya taɓa ni. Amma shawarar kwana biyun nan ita ce abin da aka ƙwace mana. An samu sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, ana cuɗanya a kasuwa da wurin aiki, sai dai har gobe akwai mai keken da zai ce maka "a nan zan tsaya, Baba, ka ƙarasa." Maganar wane ɗan ƙasa wane baƙo ba ita ta kawo ni ba, na bar wa masu ita. Abin da na lura da shi kawai, iskar da ta taso daga duwatsun Shere tana ratsa Unguwar Rukuba ta faɗa Unguwar Rogo ta wuce Tudun Wada, ba mai tsayar da ita ya tambaye ta sunanta. Ita kaɗai ce ba ta taɓa daina yawo a garin nan ba ko a ranakun dokar hana fita.

Bari in koma fagena, don in an bar maganar a hannun masu jawabi za a ƙera abin da zai tsaya cik kafin a kwashe rumfunan biki.

Abu na farko daidaito. Kowane fiffike sai an ɗora shi a kan kaifin ƙarfe an nemo inda nauyinsa ya rabu biyu, a ƙara masa dalma a gindi kaɗan-kaɗan har ya zauna duk inda aka bar shi. In aka yi wannan da kyau, iska kaɗan ta isa. In aka yi ha'inci, ko guguwa ce sai dai ta girgiza shi ya ci boris. Boris ɗin kuwa dole ya zama mai rufi, don ƙurar hunturu in ta haɗu da giris takan zama kamar sanfefa, ta cinye ƙarfe a kaka ɗaya. Sannan iskarmu ba ta fuska ɗaya take zuwa ba. Ta hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, hadarin farkon damina kuma yakan taso daga gabas da fushinsa, wani lokaci har da ƙanƙara. Saboda haka ko dai kan ƙirar ya iya waiwayawa ya fuskanci iska da kansa, ko a yi ta a kan sanda tsaye, irin yadda ake tsaga durom biyu a goce ɓarin, ta karɓi iska ta kowane gefe. Ni na fi son a haɗa biyun: ƙasa mai juyin tsaye, sama kuma zobe mai fikafikai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hadari. Ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudunta ya ninka biyu, dannawar ninkawa huɗu take yi. Wanda ya ga yadda hadarin Afrilu ke naɗe kwanon rufi kamar tabarma ya san abin da nake nufi. Dole a yi wa fikafikan dabarar da za su kwanta su ba iska hanya in ta wuce kima, a kuma sa birkin da zai hana juyin haukacewa. Sandar kanta kada a yi ta ƙiƙam. Ko mutum-mutumin 'yanci na New York, wanda Faransa ta ba Amurka aka buɗe a 1886, Gustave Eiffel ya yi masa ƙashin ciki ne yadda zai ɗan yi layi in iska ta yi ƙarfi. A zuba harsashi mai zurfi da rodi da kankare na gaskiya, a sa mata ƙarfen kama tsawa a binne shi yadda ya kamata, tunda dogon ƙarfe a fili gayyatar aradu ne. Kada a goge fikafikan su yi ƙyalli kamar madubi, in ba haka ba hasken rana zai riƙa dukan idon direbobi. A karce su su dushe. Fenti kuma a yi na gashi irin na mota.

Siffar da nake gani a raina ita ce zobe mai fikafikai 17, adadin ƙananan hukumomin jihar nan, kowane fiffike fuska ɗaya kore ɗaya fari, yadda in yana juyi mai kallo zai ga kore, fari, kore. Na san za a ce wace ƙaramar hukuma ce a sama. Ba a rubuta suna a jikin ko ɗaya, kuma abin juyawa yake yi, wanda ke sama yanzu kafin ka gama nuna shi ya sauko. Wannan dai shawarar tsoho ce. In matasa masu zane suka kawo wadda ta fi ta, a ɗauki tasu.

Wurin kafawa kuwa, zuciyata tana Taminus. Nan ne kowa ke haɗuwa ko yana so ko ba ya so, nan babbar kasuwa ta ƙone a 2002, nan bama-baman 20 ga Mayu 2014 suka kashe mutum fiye da ɗari ba su tambayi addinin kowa ba. Amma zuciya ba ta auna iska, kuma gine-gine suna tare ta. A kafa na'urar awo a wurare uku ko huɗu, Taminus da Farar Gada da mahaɗar Sakatariya, a bar ta ta ga hunturu ta ga damina, sannan a zaɓa. Abin da nake roƙo kawai kada a kai ta Rayfield bayan katanga, inda sai mai mota zai gan ta.

Sai maganar wa zai yi aikin, kuma a nan ne nake jin za a yi mini kunnen ƙashi. Yallaɓai, kada a yi odarta daga waje a kawo mana a kwantena. Garin da aka gina a kan kuza, wanda ya yi kamfanin narka kuza da na mulmula ƙarfe a zamaninsu, bai rasa hannu ba. Ka shiga Dilimi ka ga yaran da ke tayar da injin da masu shi suka fid da rai. Ga injiniyoyin Jami'ar Jos su yi lissafin nauyi da harsashi, ga cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a nan cikin gari ta gwada ingancin ƙarfen, ga ɗaliban makarantar fasaha ta Barikin Ladi da ta Bukuru. A ɗauko masu walda daga unguwannin da ba sa shiga na juna, a haɗa su a rumfa ɗaya wata shida. Na yi aikin nan na sani, mutum biyu ba sa riƙe ƙarfe ɗaya, ɗaya yana liƙi ɗaya yana tallafe, su tashi ba su san sunan 'ya'yan juna ba. Ribar ta biyu kuma, ranar da boris ya fara kuka, wanda ya sa shi yana nan cikin gari, ba sai an jira Bature ba.

Don kukan zai zo. Na taɓa zama a wani gari aka yi maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu a shataletale, aka yi biki da makaɗa. Wata uku famfon ya ƙone, aka sace wayoyin, ramin ya koma wurin zuba ledar fiya wata. Ƙirar iska ba ta cin mai, amma tana son a hau a duba ta sau biyu a shekara, kafin hunturu da kafin damina. A rubuta wannan a kasafi tun ranar farko, a damƙa shi ga ƙungiyar masu walda, a san wanda za a kama in ta tsaya. Sannan a tuna da 'yan jari-bola, waɗanda ko murfin kwalbati ba su bari ba. Duk abin da ke motsi ya kasance can sama inda tsani ba ya kai, a liƙe kan notuna, a guji alminiyom da tagulla a ƙasa, don masu zuba tukwane suna jira.

Za a ce ana fama da abin kai wa baka wa ke ta ƙarfe mai juyi. Gaskiya ne, kuma ba zan ce ƙira za ta cika wa kowa ciki ba ko ta hana a kai hari ƙauye. In kuɗinta zai fito daga na magani ko na albashin malamai, a bar ta. Amma ko ba ni ba, ana kashe kuɗi a ƙawata shataletale, ana shafa fenti duk Oktoba, ana buga allunan taya murna da ruwan sama ke yagawa a mako biyu. Daga cikin wannan nake roƙo. Wasu kuma za su yi mata suna, na riga na ji a kunnena, za a ce gwamnati ta yi aikin iska. A bar su su faɗa. Mutanen Jos in suka yi wa abu laƙabi sun karɓe shi ke nan, gobe za ka ji kwandasta yana kiran "Fanka! Fanka! Saura mutum ɗaya!"

A 2030 ƙasar nan za ta cika shekara 70 da mulkin kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara guda ta awon iska, 'yan watanni na gasar zane, sauran na ƙira da gwaji, lokacin ya isa in an fara da wuri. Ban sani ba ko zan kai, kuma ba kwangila nake nema ba, idona ma ya daina ganin bakin liƙi sosai.

Na ƙera ƙaramin samfuri mai fikafikai 17, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, yana nan a rumfata kusa da na gwangwanayen madara. Fiffike biyu har yanzu suna ɗan rinjaye, ina kan gyara su. In ka ga dama ka turo wani injiniya daga ma'aikatar ayyuka ya gani da idonsa, ya zo da la'asar, lokacin iska ta fi tashi a layinmu. Ya tambayi gidan tsohon da ke da fanka a saman rumfa, kowane yaro zai nuna masa.

Na gode da haƙurin karantawa. A huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin ƙira da walda,
Gangare, Jos.